Fom ya ce an aika, akwati kuwa babu komai

Tsohuwar kwamfutar tebur ce da ta shekara biyu a ajiye, ba abin da ke damunta sai tsufa. Mu kuma a ƙungiyarmu ta masu sha'awar kwamfuta, da muke haɗuwa mu kwance tsofaffin na'urori mu sake ɗaura su, mun daɗe muna son shafin intanet namu na kanmu, mai ɗauke da fom da duk mai tambaya zai cike, saƙon ya iso mana ta imel. Da aka zo rabon aiki na ce a bar mini wannan. So nake in gina shi da hannuna tun daga tushe, a kan injin da nake iya taɓawa, don in san kowace ƙofa da saƙo ke bi kafin ya isa.

Farkon aikin bai ba ni wuya ba. Na ɗora mata Debian 12, wani nau'in tsarin Linux, na sa Nginx ya riƙa miƙa shafi, PHP ya karɓi fom, Postfix kuma ya ɗauki imel. Kafin dare ya raba, tsohuwar kwamfuta ta zama sabar, wadda wasu ke kira uwar garke. Na buga 192.168.1.50 a wayata, shafi ya buɗe tas. Na aika wa abokai sunan shafin, na kwanta da farin ciki.

Da safe amsa ɗaya kowa ya ba ni: ba ya buɗewa.

Na san adireshin da ya fara da 192.168 na cikin gida ne, yana cikin rukunai uku da aka keɓe tun 1996 don ƙananan hanyoyin sadarwa, tare da masu farawa da 10 da kuma 172.16 zuwa 172.31, kuma ba sa tafiya a kan intanet. Saboda haka tun daren na shiga rauta na ce duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 80 ko ta 443 daga waje, wato ƙofofin da ake neman shafi ta cikinsu, a miƙa shi ga sabar. Na sake duba wannan saitin, daidai yake. Na duba katangar tsaro, ƙofofin a buɗe. Na buga umarnin ss -tlnp don in ga ko Nginx yana sauraron kowa ne ko kuwa ya tsaya a 127.0.0.1 yana sauraron kansa kaɗai, nan ma lafiya lau. Kwana biyu ina zagaye waɗannan wurare uku.

Akwai wani babba a cikinmu da ya daɗe yana aikin haɗa hanyoyin sadarwa, shi na kira. Bai bari na gama bayani ba ya ce, "Ƙanena, idan ka gwada daga waje, nan take ake korarka ko kuwa shiru ake yi maka har burauza ta gaji?"

Na ce, "Shiru ne, Yaya."

Ya ce, "To ba a ma isa wurinka ba. Da an isa an tarar da ƙofa babu mai saurare, da nan take za a mayar maka da amsar ƙi. Je ka duba adireshin da rauta ta ce an ba ta daga waje, ka kwatanta da wanda duniya ke ganinka da shi."

Na duba. Rauta ta ce adireshinta na waje ya fara da 100.72, shafin da ke nuna wa mutum adireshinsa kuwa ya ba ni wata lamba daban gaba ɗaya. Nan bakin zaren yake. Adireshin IPv4, wato irin waɗannan lambobin, duka-duka kimanin biliyan 4.3 ne, kuma babban rumbun da ake rabawa daga cikinsa ya ƙare a watan Fabrairun 2011. Don haka kamfanonin intanet da yawa suke tara ɗimbin kwastomomi a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT, har aka keɓe masa rukunin 100.64 zuwa 100.127 a 2012. Ashe a gaban rautata akwai wata babbar rauta da ba ni da iko da ita. Na buɗe ƙofar ɗaki ne alhali ƙofar gidan a kulle take, mabuɗin kuma ba ya hannuna.

Mafita biyu na gani: ko in nemi kamfanin ya ba ni adireshi nawa ni kaɗai, ko in yi hayar ƙaramar sabar a wata cibiya mai adireshi na fili, in haƙa bututu tsakaninta da ta gida. Na zaɓi ta biyu, domin na hango cewa imel ma zai buƙaci tsayayyen adireshi. Wajen haƙa bututun, WireGuard na yi amfani da shi, wanda Jason Donenfeld ya rubuta, aka shigar da shi cikin zuciyar Linux a 2020. Abin da ya burge ni da shi shi ne fayil ɗin saitinsa bai kai layi goma sha biyar ba. Sabar gida ce ke fita ta nemi ta haya, fita kuwa ba a hana ta. Ta haya ta zama 10.8.0.1 a cikin bututu, ta gida 10.8.0.2, duk mai neman shafi ya sauka a ta haya ita kuma ta miƙa shi ciki. Na karɓi takardar shaidar tsaro daga Let's Encrypt, kwaɗo ya bayyana a burauza, abokai suka ce yanzu ya buɗe.

Sai dai ba a rabu da Bukar ba aka haifi Habu. Idan an ɗan jima babu mai ziyara, shafin sai ya mutu, sai na taɓa sabar gida ya farfaɗo. Wannan bai ɗauke ni lokaci ba: babbar rautar kamfani tana manta hanyar dawowa idan bututu ya yi shiru, layi ɗaya na PersistentKeepalive = 25 ya sa sabar gida tana ɗan yin motsi duk bayan daƙiƙa 25, magana ta ƙare. Matsala ta biyu ce ta ci mini rai. Shafin farko, mai rubutu zalla, yana buɗewa nan da nan, amma duk shafin da ke da hoto sai ya fara buɗewa ya sandare a tsakiya. Na zargi Nginx, na zargi faifan ajiya, har na sauya kebul. Daga baya na lura cewa girman abin ne ke raba mai wucewa da mai maƙalewa, ba nau'insa ba. Bayanai a intanet ƙunshi-ƙunshi suke tafiya, kuma a kan waya ta yau da kullum ƙunshi ɗaya ba ya wuce bait 1500. Na riƙa aika ping da sharaɗin kada a gutsura ƙunshin a hanya, na fara daga 1472, wanda idan an haɗa da bait 28 na kai ya cika 1500. Bai wuce ba. Na yi ta ragewa har sai da na sauko 1392 kafin amsa ta dawo. Wato layina ya fi na yau da kullum ƙunci, WireGuard kuma yana cika ƙunshinsa zuwa 1420 sannan ya ɗora nasa marufin a kai, manyan ƙunsassa na zubewa a hanya ba tare da kowa ya ce uffan ba. Na mayar da MTU na bututun, wato iyakar girman ƙunshi, zuwa 1280, hotuna suka sauko kamar ba su taɓa tsayawa ba.

Daga nan na koma kan fom, wanda shi ne dalilin aikin gaba ɗaya. Gurabe huɗu ne: suna, adireshin imel, batu, da saƙo. Na cike, na danna maɓalli, rubutu kore ya fito: an aika saƙonka, mun gode. Na buɗe akwatina na jira. Na duba cikin saƙonnin shara. Na sake aikawa sau biyar, sau biyar rubutun kore yana gode mini. Babu ko ɗaya da ya iso.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tunanin cewa da ban gwada ba, da mutane za su riƙa rubuto mana tambayoyinsu, a ce musu an aika, su zauna suna jiran amsar da ba za ta zo ba, su ɗauka wulaƙanci ne muka yi musu. Kuma ni na rubuta wannan koren rubutun da hannuna. Da na koma na karanta bayanin umarnin mail() na PHP a tsanake, sai na ga a fili an faɗa: idan ya ce ya yi nasara, nufinsa kawai manhajar imel da ke kan injin ta karɓi saƙon. Bai san ko saƙon ya bar gida ba, balle ya isa. Kamar yaro ne da aka aika ya jefa wasiƙa, ya dawo ya ce ya jefa. Gaskiya ya faɗa, amma iyakar abin da ya sani ke nan.

Na nemi /var/log/mail.log, inda duk bayanan da na karanta suka ce in duba, babu fayil ɗin. Debian 12 ta daina ɗora rsyslog, manhajar da ke rubuta fayil ɗin, da kanta, rahotanni sun koma cikin journalctl. A can na same su, na kuma buga postqueue -p, sai ga saƙonnina shida jere a layi, kowanne da dalili ɗaya a ƙarƙashinsa: an nemi ƙofa ta 25 a sabar mai karɓa, lokaci ya ƙare ba amsa. Shirun nan dai da Yaya ya koya mini ganewa. Postfix, wanda Wietse Venema ya fitar a 1998, yana da haƙuri ƙwarai, zai riƙe saƙo yana sake gwadawa har kwana biyar kafin ya haƙura. Da ban leƙa ba, kwana biyar zan yi ban ji komai ba.

Ƙofa ta 25 ita ce wadda sabar da sabar ke miƙa wa juna imel ta cikinta tun ƙa'idar SMTP da Jon Postel ya rubuta a 1982. Kamfanonin intanet da yawa suna toshe ta ga layukan gida, kuma ban ga laifinsu ba, domin kwamfutocin gida da cuta ta kama su ne aka daɗe ana amfani da su wajen watsa saƙonnin shara. Ko da ba a toshe ba, adireshin layukan gida suna cikin jerin da ƙungiyar Spamhaus mai yaƙi da saƙonnin shara ke wallafawa na waɗanda bai kamata su riƙa aika imel kai tsaye ba, sabobi masu karɓa da dama kuma suna duba wannan jeri. Saboda haka na ɗora Postfix na biyu a sabar haya, na ce wa na gida ya riƙa miƙa masa komai ta cikin bututu.

Postfix na sabar haya ya ƙi karɓa, ya ce ba ya isar da saƙon wanda bai sani ba. A nan ne na kusa yin kuskure mafi muni a duk aikin. Akwai layin mynetworks da ke faɗa wa Postfix su wa ya amince da su, kuma da na rubuta 0.0.0.0/0 da matsalar ta wuce nan take, tun da hakan na nufin kowa da kowa. Da na yi haka, da na mayar da sabar ƙofar da kowane mai watsa shara a duniya zai iya aika saƙo ta cikinta da sunanmu, kuma irin waɗannan sabobin ba sa daɗewa kafin masu laluben su gano su. Adireshi ɗaya tak na ƙara, 10.8.0.2. Sannan na rubuta wa kamfanin hayar na bayyana abin da nake yi da yawan saƙon da nake sa ran aikawa, suka buɗe mini ƙofa ta 25, na kuma saita PTR, wato rikodin da ke mayar da adireshi zuwa suna, na tabbatar ya yi daidai da sunan da sabar ke gabatar da kanta da shi idan ta yi sallama.

Saƙo ya fita. Cikin daƙiƙa biyu aka dawo da shi da lambar 550, wadda ke nufin ƙi na dindindin, ba irin 4 da ɗoriya da ke cewa a sake gwadawa anjima ba. Abin mamaki, na ji daɗin wannan ƙin. A karon farko wani ya amsa mini, ya kuma faɗi dalili: ba a iya tabbatar da wanda ya aiko ba.

Wannan ɓangaren shi ne na fi ƙaruwa da shi, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa. Kowane imel yana da adireshin mai aikawa guda biyu. Ɗaya yana kan ambulan, sabobi ne kaɗai ke karanta shi, kuma can ake mayar da saƙo idan ya kasa isa. Ɗayan yana kan takardar da ke ciki, shi ne mutum ke gani a layin From. Ƙa'idar 1982 ba ta tilasta su zama ɗaya ba, ba ta kuma tambayi kowa shaida ba, domin a wancan lokacin masu amfani da hanyar kaɗan ne kuma sun san juna. Daga baya aka ɗora matakai uku. SPF rikodi ne a DNS, wato kundin sunayen intanet, da mai sunan shafi ke lissafa sabobin da ya yarda su aika da sunansa, kuma ambulan yake dubawa. DKIM sa hannu ne na lissafi: sabar na sa wa saƙo hannu da mabuɗin sirri, ta wallafa abokinsa na fili a DNS don kowa ya iya tantancewa. DMARC, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 2015, shi ke haɗa su, ya ce sunan da mutum ke gani a From dole ya dace da wanda ya ci jarrabawar SPF ko ta DKIM. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta, duk mai aikawa sai ya kasance da aƙalla SPF ko DKIM, masu aika saƙo da yawan gaske kuma sai sun haɗa duka ukun.

Da na auna fom ɗina da wannan ma'auni sai na ga ta ko'ina a karkace yake. A kan ambulan an rubuta www-data, sunan da PHP ke aiki da shi, haɗe da sunan injin na cikin gida da babu wanda ya san shi a duniya. A layin From kuma na sa adireshin duk wanda ya cike fom, don in riƙa danna amsa kai tsaye. Niyyata mai kyau ce, amma a idon sabar mai karɓa ni baƙo ne da ya zo da wasiƙa yana cewa daga wani gida take alhali masu gidan ba su san shi ba. Gyaran mai sauƙi ne: From da ambulan duka suka koma adireshin shafinmu, adireshin mai tambaya kuma ya koma layin Reply-To, wanda dama don haka aka yi shi.

SPF layi ɗaya ne, na rubuta ya zauna. DKIM kuwa sai da ya kai ni dare biyu. Da farko OpenDKIM, wanda aikinsa sa hannun ne, ba ya sa hannu kwata-kwata, kuma ba ya ƙorafi. Ashe saƙon da ya shigo ta bututu yana ɗaukarsa a matsayin na baƙo da za a bincika, ba na gida da za a sa wa hannu ba, sai da na ƙara 10.8.0.2 cikin jerin InternalHosts. Da ya fara sa hannu kuma, masu karɓa suka ce hannun bai tabbata ba. Mabuɗi mai bit 2048 ya fi haruffa 255 tsawo, alhali guntun rubutu ɗaya a rikodin TXT ba ya wuce 255, don haka ake raba shi gunduwa-gunduwa. Wajen kwafewa na haɗa da alamomin zance da wani ɗan fili a tsakiyar mabuɗin. Na fito da rikodin da umarnin dig, na jera shi kusa da na asali ina bi harafi-harafi da yatsa a kan allo, sai ga filin nan a zaune. Na gyara, amma sakamakon bai sauya ba, har na fara shakkar gyaran, sai na tuna TTL ɗina daƙiƙa 3600 ne, wato masu tambaya na iya riƙe tsohon rikodin har awa guda. Tun daga ranar, kafin in taɓa kowane rikodi sai na fara saukar da shi zuwa 300. DMARC kuma na bar shi a p=none, ya riƙa kawo rahoto kawai ba tare da ya sa a ƙi komai ba, har sai na gamsu.

Saƙon farko da ya shiga akwati na buɗe kansa gaba ɗaya na karanta: spf=pass, dkim=pass, dmarc=pass. Sai na gangara cikin saƙon na ga abin da na rubuta na gwaji, "ƙaramin saƙo", ya koma "Æ™aramin saÆ™o". Harafin ƙ a tsarin UTF-8 bait biyu ne, C6 da 99, kuma da yake ban faɗa wa mai karɓa wane tsari na yi amfani da shi ba, sai ya karanta kowane bait a matsayin harafi mai zaman kansa. Wannan ya dame ni fiye da yadda wani zai zata, domin mafi yawan masu rubuto mana da waɗannan haruffa za su rubuto. Layin Content-Type mai charset=UTF-8 ya gyara jikin saƙon, amma batun saƙo bai gyaru ba, don kan imel asalinsa ASCII, wato haruffan Turanci zalla, kaɗai yake ɗauka, sai an naɗe rubutun ta wata hanya ta musamman. A nan na haƙura da haɗa kan saƙo da hannu, na koma PHPMailer, manhajar da ke yin wannan aikin da kanta.

Komawar ta toshe wata ɓaraka da Yaya ya nuna mini a washegari. Ya ce, "Ƙanena, a tsohon fom ɗinka da wani ya rubuta adireshinsa ya bi shi da alamar sabon layi da Bcc, layin aika kwafi a ɓoye, ina saƙon zai je?" Na koma na gwada a tsohon fayil ɗin da adireshina na biyu, saƙon kuwa ya isa can. Duk ƙoƙarin da na yi na kulle Postfix, ashe fom ɗin kansa yana iya zama ƙofar baya. Yanzu duk gurbin da zai shiga kan saƙo ana tantance shi, wanda ke ɗauke da alamar sabon layi a ƙi shi. Na kuma ƙara wani gurbi da idon mutum ba ya gani amma manhajojin da ke yawo suna cike fom suke cikewa, duk saƙon da ya zo da shi a cike a yar da shi.

Koren rubutun ma na sauya shi. Yanzu kafin a yi yunƙurin aika imel, ana fara ajiye saƙon a rumbun bayanai na sabar, rubutun kuma cewa yake an karɓi saƙonka, domin wannan ne kaɗai abin da fom ɗin ya sani tabbas. Na rubuta ɗan umarni da ke duba layin Postfix kowace awa, idan saƙo ya wuce minti talatin a tsaye ya sanar da ni ta wata hanya da ba imel ba. Takardar Let's Encrypt kwana 90 take yi, na gwada sabunta ta da certbot renew --dry-run ta wuce lafiya. Rahotannin DMARC sun fara shigowa, ina buɗe su ina duba ko akwai wani adireshi da ke aikawa da sunanmu bayan na sabar haya, idan wata guda ya cika ban ga kowa ba zan ɗaga DMARC zuwa p=quarantine, wanda ke neman a jefa saƙon da bai ci jarrabawa ba cikin shara.

Tambaya ta farko ta gaske ta shigo ne daga wani da tsohuwar kwamfutarsa ke yin ƙara sau uku idan an kunna ta, allo kuma baƙi ƙirin. Batun saƙonsa ya fito da ƙ da ɗ a tsaye yadda ya rubuta su. Na danna amsa, adireshinsa ya fito a gurbin mai karɓa, na ce masa ya fara cire ƙwaƙwalwar RAM ya goge haƙoranta ya mayar, sannan ya faɗa mini ƙirar babban allon da ke cikin kwamfutar don mu duba ma'anar ƙarar.